Manhajojin gwada ƙananan na'urorin auna yanayi a kwamfuta

A shekara ta 2005 ne masana daga Jami'ar Fasaha ta Delft da ke ƙasar Holan suka baza ƙananan na'urori kimanin 100 a wata gonar dankalin turawa, domin auna zafi da danshi, da nufin gano lokacin da cutar funfuna ke iya kama shuka.

To amma kashi 2 cikin 100 ne kacal na bayanan suka isa inda ake tattara su, musamman saboda kurakuran da ke cikin manhajar na'urorin.

Irin wannan asara ce ake ƙoƙarin kauce wa ta hanyar fara gwada aikin a cikin kwamfuta.

Su dai waɗannan na'urori da batir suke aiki, kuma ta siginar rediyo suke miƙa saƙo daga wannan zuwa waccan har ya kai ga babbar tasha. Aika saƙon ne ya fi cin batir, don haka tilas a tsara lokacin da kowace za ta yi magana da lokacin da za ta yi shiru.

Manhajar gwaji kan kwaikwayi ɗaruruwa ko dubban na'urori a lokaci guda, ta nuna saƙonnin da suka ɓace da kuma tsawon ran batir, tun kafin a kashe kuɗi.

Daga cikin fitattun manhajojin akwai ns-2, wadda masu bincike suka daɗe suna amfani da ita, sai magajiyarta ns-3 da ta fito a 2008. Akwai kuma OMNeT++, wadda András Varga ɗan ƙasar Hangari ya ƙirƙiro.

A 2003 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka suka gabatar da TOSSIM, yayin da Cooja ta fito daga wata cibiyar binciken kwamfuta ta ƙasar Suwidin a 2006. Amfanin waɗannan biyun shi ne, ainihin manhajar da za a ɗora wa na'urar ita ake gwadawa.

Sai dai kwamfuta ba ta iya kwaikwayon duk abin da ruwan sama ko ganyen shuka ko bango ke yi wa siginar rediyo. Shi ya sa masana kan bi gwajin kwamfuta da wani gwajin a fili, da na'urori 'yan kaɗan, kafin a baza sauran.