Gilashin Talaka da Ya Zama Abin Gwanjo

A makon nan za mu leƙa Amurka, mu duba tarihin wasu kwanukan gilashi masu sheƙi kamar bakan gizo, da yadda masu tara su ke bambance na asali da na bayan nan.

A ƙarshen ƙarni na 19, kamfanin Tiffany na yin gilashi mai wannan sheƙi, da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Sai mai hali ke iya saye. Wajen 1908 kamfanin Fenton da ke Williamstown a jihar West Virginia ya samo hanya mai araha: a zuba narkakken gilashi a mazubin ƙarfe mai zane, a danne shi, sannan tun yana da zafi a fesa masa ruwan sinadarin ƙarfe. Da ya huce sai launuka su fito. Nan da nan Northwood da Imperial da Dugan da Millersburg suka shiga harkar, har ana kiransa Tiffany na talaka. Da yayinsa ya wuce bayan shekarun 1920, sai ya koma kyautar da ake ba wanda ya ci wasa a filayen bukukuwa, daga nan ya samo sunan Carnival. Abin da aka raba kyauta jiya, yau shi ake rububi a wajen gwanjo.

To ina matsalar take? Yawancin kwanukan ba su da tambari, kuma kamfanonin suna kwaikwayon juna ba kunya. Zanen inabi da igiya, wato Grape and Cable, na Northwood ne ya fi shahara, amma Fenton ma ya yi nasa. Dawisu kuwa kusan kowa ya zana shi. Shi ya sa gwanaye ba sa tsayawa kan cikin kwano, kifa shi suke yi. Bayan kwano na ɗauke da nasa zanen, kuma nan ne kamfani ke tona kansa: saƙa irin ta kwando, alal misali, ta yawaita a kayan Northwood. Idan aka yi sa'a, a gindin za a ga harafin N da layi a ƙarƙashinsa cikin da'ira.

Launi ma yana yaudara. Sheƙin da ido ke gani fata ce kawai. Ainihin launin yana gindi, inda feshin bai kai ba, sai an ɗaga kwanon zuwa haske. Ruwan lemo shi ya fi yawa, don haka ya fi araha. Ja na asali kuwa da wuya a same shi.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne sunayen. Da yawansu masu tarawa ne suka raɗa, kamar yadda iyayenmu mata ke raɗa wa atamfa suna. Wata mata, Marion Hartung, ta zauna tana zana su da hannu a jerin littattafanta a shekarun 1960, kuma har yau ana amfani da sunayen da ke ciki. A ganinmu ta fi kamfanonin kansu yi wa wannan tarihi hidima.

Da kasuwa ta farfaɗo, Imperial ya koma yin sabbi a shekarun 1960 da tambarin IG, Fenton ya biyo baya a 1970 da sunansa cikin zagaye mai siffar ƙwai. Wani lokaci da tsofaffin mazubai aka yi su, zanen iri ɗaya sak. Marasa tsoron Allah sukan goge tambarin su sayar a farashin tsoho, shi ya sa mai saye ke shafa gindin kwano da yatsa yana neman inda aka kankare.