Daidaito da Adalci a Taron Ibadan na 1950

Manufar wannan takarda ita ce a duba yadda kalmomi biyu da akan ɗauka ma'anarsu ɗaya, wato daidaito da adalci, suka raba kan shugabannin Nijeriya a Babban Taron Tsarin Mulki da aka yi a Ibadan cikin watan Janairu na 1950, zamanin Gwamna Macpherson. Daidaito shi ne a ba kowa kaso ɗaya da na ɗan'uwansa. Adalci kuwa shi ne a ba kowa gwargwadon haƙƙinsa ko bukatarsa, ko da kason ya bambanta.

Shawarar da aka gabatar game da kujerun majalisar tsakiya ita ce Jihar Arewa ta sami 45, Gabas 33, Yamma 33. A ganin wakilan Kudu, jihohi uku ne suka haɗu, bai kamata ɗaya ta yi wa biyu rinjaye ba. Wakilan Arewa suka ce mutane ake wakilta, kuma fiye da rabinsu a Arewa suke. Sarkin Zazzau Malam Ja'afaru ya faɗa a fili cewa in ba a ba Arewa rabin kujerun ba, za ta nemi a koma yadda ake kafin haɗewar 1914, Sarkin Katsina Alhaji Usman Nagogo ya goyi bayansa. Tsarin Mulki na 1951 ya ba Arewa 68, Gabas 34, Yamma 34. Ƙidayar 1952 zuwa 1953 ta ba Arewa mutum miliyan 16.8 daga cikin miliyan 30.4, ko da yake an daɗe ana gardama a kan ƙidayar ƙasar nan.

Abin lura shi ne kowane ɓangare daidaito yake ikirari. Ɗaya jihohi yake ƙirgawa, ɗaya kuma kawuna. Wanda ya daidaita jihohi ya tauye talakan Arewa. Wanda ya daidaita kawuna ya bar jihohi biyu a ƙarƙashin inuwar ɗaya.

Da aka zo kan kuɗi sai ma'aunin ya sake. Arewa ta nemi a raba kuɗin shiga bisa yawan jama'a. Yamma, mai arzikin koko, ta ce adalci shi ne a mayar wa kowace jiha abin da aka samu daga ƙasarta. Hukumar Hicks da Phillipson ta 1951 ta haɗa asalin kuɗi da bukata da maslahar ƙasa, amma ta Chick ta 1953 ta karkata ga asali. Gabas, wadda da fari ta fi son ma'aunin bukata, ta sauya ra'ayi bayan an sami man fetur a Oloibiri a 1956. A nawa ganin, kowa ma'aunin da zai cika masa buhu ya ɗauka, kuma ba abin mamaki ba ne ga wakilin da jama'arsa ke jira a gida.

Tsarin Mulki na 1960 ya ba kowane ma'auni ɗakinsa. A Majalisar Wakilai an bi yawan jama'a, Arewa na da 174 cikin 312. A Majalisar Dattijai kuwa kowace jiha, babba ko ƙarama, kujera 12 ta samu. A 1961, lokacin da Alhaji Muhammadu Ribaɗu yake Ministan Tsaro, aka ware wa Arewa rabin guraben horon hafsoshin soja, Gabas da Yamma rubu'i-rubu'i, domin in jarrabawa kaɗai aka bi, jihar da makarantun boko suka makara zuwa cikinta ba za ta sami kaso mai yawa ba. Matasan Kudu da suka ci jarrabawa aka bar su a baya sun kira wannan zalunci.