Waƙa da Shahada: Wa Ake Yi Wa, Wa Ake Bari?



Zan fara da wata ƙasa mai nisa, watau Ailan, tsibirin da ke yamma da Ingila, wadda Ingilishi suka mallaka shekaru aru-aru kafin su san hanyar Sakkwato. Mutanen Ailan suna da wata al'ada: duk wanda hukuma ta kashe saboda neman 'yancin ƙasa, kafin ƙasar kabarinsa ta bushe an yi masa waƙa. An yi wa Robert Emmet, wanda aka rataye a 1803. An yi wa James Connolly, shugaban 'yan ƙwadago, wanda aka ɗaure kan kujera aka harbe a 1916 domin rauni ya hana shi tsayuwa. An yi wa Kevin Barry, ɗalibin koyon likita ɗan shekara 18, da aka rataye ranar 1 ga Nuwamba, 1920. Haka kuma Bobby Sands, wanda ya mutu a kurkuku a 1981 bayan kwana 66 yana ƙin cin abinci. Abin lura shi ne, yawancinsu ba sarakuna ba ne, kuma masu waƙar ba sa jiran riga ko doki daga hannun kowa.

To, mu ma Ingilishin nan sun ci mu da yaƙi, mu ma an kashe mana mutane. Tambayata ita ce: su wa waƙar Hausa ta riƙe, su wa ta sake?

Ni a Mabai na tashi, cikin ƙasar Ƙanƙara, kuma daga can ba a yin doguwar tafiya yamma kafin a kai Kwatarkwashi. A nan ne, ƙarshen Fabrairu 1903, bayan Kano ta faɗi, Wazirin Kano Ahmadu ya yi karo da sojan Turawa, ya faɗi a fagen fama. Ranar 15 ga Maris Sakkwato ta faɗi, Sarkin Musulmi Attahiru na Farko ya ɗauki tuta ya yi gabas, jama'a suka bi shi zuga-zuga, har aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli. A 1906 Sarkin Haɗejiya Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka kashe shi cikin birninsa. Waɗannan ba a manta da su ba. Har yau da Waziri Ahmadu da Sarkin Haɗejiya, kowannensu Mai Shahada ake kiransa. Laƙabin nan kirari ne, kirari kuwa shi ne ƙashin bayan waƙar fada. Suna da zuriya, zuriyar tana da makaɗa, kuma duk ranar hawan salla sai an ambaci kakanni.

Yanzu ku dubi Satiru, ƙauyen da ke kudu da Sakkwato kaɗan. Ran 14 ga Fabrairu 1906 talakawa da bayin da suka gudo, ƙarƙashin Malam Isa da wani malami makaho da ya zo daga ƙasar Faransa, suka tari sojan Turawa da gatura da fartanya, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin. Tun zuwan Lugga ba a taɓa yi wa Turawa irin wannan ba. Ran 10 ga Maris aka dawo da bindiga mai ruwa, aka kashe kusan mutum 2,000, aka rushe garin, Sarkin Musulmi na lokacin ya la'anci duk wanda ya sake gini ko noma a wurin. Da a Ailan ne, da yaran makaranta sun haddace waƙar Satiru. A nan kuwa, ɗalibi nawa ne cikin wannan zaure ya taɓa jin an buga ta a rediyo?

Dalilin ba boyayye ba ne. Makaɗin fada yana da ubangida. Shi ke ba shi gida da gona da sutura, kuma shi kaɗai yake yi wa waƙa, sai fa wanda ubangidan ya yarje masa. Turawa ba su rushe fada ba, sun riƙe ta suka yi mulki ta hannunta. Mutanen Satiru kuwa da Turawa da sarakuna duka suka yi wa tawaye. Wane makaɗi ne zai durƙusa gaban Sarki da taushi ko kotso ya yabi wanda Sarki ya la'anta? Ban ce makaɗa matsorata ba ne. Zambonsu kan sa ɗan sarki ya kasa fita ƙofar gida. Amma zambon ma don ubangida ake yinsa.

Inda aka sami sauyi shi ne wajen rubutacciyar waƙa. Mai ita almajiri ne, ajami da allo ya gada, ba ya neman kyautar fada. Bayan kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, irin su Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu suka mai da waƙa makamin talaka. Ana rera ta a wurin lacca, mata su ɗauke ta zuwa bakin turmi, kuma 'yan jam'iyyar da aka yi wa bulala ko aka kai gidan yarin En'e sun sami masu faɗin wuyarsu. A ganina wannan ce waƙarmu da ta fi kusa da ta mutanen Ailan.

Sai kuma 15 ga Janairu 1966, daren da aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Waƙoƙin da Musa Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina da Mamman Shata suka yi wa manyan Arewa suna raye, sai suka koma waƙoƙin makoki ba tare da an sake ko baiti ɗaya ba. Gidan Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya kai su kowane ƙauye. Haka aka sake yi bayan kisan Janar Murtala Muhammed ranar 13 ga Fabrairu 1976, har aka sa hotonsa a takardar naira 20. Amma dole in faɗi abin da ba shi da daɗi. A watannin da suka biyo bayan Janairu 1966 an riƙa buga wani faifan kiɗan Kudu mai kukan akuya, wanda 'yan Arewa suka ɗauka ba'a ce ga mutuwar Sardauna. Wannan na cikin abubuwan da suka hura wutar rikicin Mayu na shekarar, wanda ya ci rayukan Inyamurai a Kano da Zariya da Katsina da Funtuwa da Gusau, mutanen da ba su da hannu a juyin mulki. Mutanen Ailan ma sun san wannan: waƙar da ke sa wani kuka a Belfas, ita ce ke sa maƙwabcinsa neman dutse.

Bayan haka fa? A Afrilu 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta kan manoman Bakolori, kusa da Talatar Mafara, waɗanda ke neman diyyar gonakin da madatsar ruwa ta cinye. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu. Dakta Yusufu Bala Usman, mutumin Musawa, ya ce ɗaruruwa ne. Masana sun yi rubutu, amma sunan manomi ko ɗaya bai shiga bakin jama'a ba kamar yadda sunan Kevin Barry ya shiga.

Wani zai ce waɗanda 'yan bindiga suka kashe a ƙasarmu ba shahidan siyasa ba ne. Ni na ce manomin da ya ƙi barin gonarsa, ko ɗan sa-kai da ya tsaya a bakin gari, ya mutu ne a kan tambayar wa ke da iko da ƙasa. A Yuni 2020 an kashe mutane da dama a Kadisau ta ƙasar Faskari. A Disamba na shekarar aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Ƙauyukan Sabuwa sun sha irin wannan ba sau ɗaya ba. A cikin waɗannan shekaru an ji waƙoƙin yabon manyan 'yan bindiga suna yawo a wayoyin samari, domin su ne masu kyautar kuɗi da babur a dajin. Mutanen Kadisau kuwa, an yi musu salla, an rufe su a jere, an karanta adadinsu a labaran ƙarfe takwas.