Tarihin Rarraba Soson Teku: Kama da Wane Ba Ta Wane

'Yan'uwana tsofaffin ɗalibai, duk wanda ya zauna ajin kimiyyar halittu zai tuna yadda aka koya mana kasa halittu gida biyu, tsirrai da dabbobi. To, akwai wata halitta da ta shafe fiye da shekara 2,000 tana wahalar da masana a kan wannan rabo, watau soson teku, shi ya sa na ga ya dace in ɗan gutsuro mana tarihinsa. Sai dai kada a haɗa shi da soson wankanmu na gida, wanda ɗan wani tsiro ne mai yaɗo, dangin duma da kabewa. Shi na teku ba shi da baki, ba hanji, ba jijiya, yana manne a jikin dutse yana tace abinci daga ruwa.

Tun kafin Miladiyya, Aristotal na ƙasar Girka ya ambaci cewa soso yakan takure in aka nemi cizge shi, amma ya bar shi a tsakanin tsiro da dabba. Haka aka yi ta tafiya har shekarar 1765, lokacin da John Ellis na Ingila ya lura da yadda ruwa ke shiga da fita a jikinsa. A 1825 Robert Grant na Edinbara, malamin Charles Darwin, ya tabbatar da cewa ruwan yana shiga ta ƙananan ƙofofi ya fita ta babba, kana a 1836 ya raɗa wa dangin suna Porifera, ma'ana masu ƙofofi.

Da aka yarda dabba ce, sai rigima ta koma kan ma'aunin da za a rarraba ta. Ma'auni na farko shi ne siffar jiki. A 1872 Bajamushe Ernst Haeckel ya bayyana gini iri uku: askon, mai kama da bututu, sikon, wanda bangonsa ya nannaɗe, da lukon, mai ɗimbin 'yan ɗakuna. Ya ɗauke su tamkar matakala, daga mai sauƙi zuwa mai sarƙaƙiya. Amma Minchin a 1896 da Bidder a 1898 suka duba ƙwayoyin jiki da 'ya'yan soson, suka ga cewa masu gini iri ɗaya ba lallai su zama 'yan gida ɗaya ba.

Ma'auni na biyu shi ne ƙashi, watau 'yan tsinkayen da ke riƙe da jikin soso. Jirgin binciken Ingila mai suna Challenger, wanda ya zagaya tekuna daga 1872 zuwa 1876, ya kwaso samfura masu yawa, kuma a wannan zamani ne aka tsayar da aji uku. Akwai masu tsinkayen alli, akwai masu tsinkayen gilashi masu rassa shida, sannan akwai babban ajin da Sollas ya kira Demospongiae a 1885, wanda ya ƙunshi fiye da kashi 80 cikin 100 na dukkan soso, har da wanda Girkawa ke nutso su ciro don wanka. Shi ma ƙashin ya yi yaudara. A 1970 Hartman da Goreau suka buɗe sabon aji don wasu masu ƙashin alli mai tauri da aka samu a tekun Jamaika, amma daga baya aka rushe shi, domin an gano 'yan gidaje daban-daban ne. Bugu da ƙari, a 1995 masanan Faransa suka ba da labarin wani soso a kogon Bahar Rum wanda ba ya tace ruwa sam, ƙananan halittu yake kamawa ya cinye.

Ma'auni na uku shi ne ƙwayoyin gado, wanda ke nuna asali maimakon kama. Da shi ne a 2012 aka ware aji na huɗu, Homoscleromorpha, daga cikin babban ajin nan. An san fiye da iri 9,000 na soso, kuma tun 2008 masana ke jayayya ko shi ne reshen da ya fara rabuwa da sauran dabbobi, ko kuwa wasu halittu ne masu santsin jiki da layukan gashi takwas kamar mataji.

Wani zai ce, mu da muke nesa da teku ina ruwanmu? Amsa tana asibiti. Sinadaran da Werner Bergmann ya samo daga wani soson Karebiyan a shekarun 1950 su ne suka share fagen maganin sankarar jini da aka amince da shi a Amurka a 1969, haka kuma wani soson Japan ya zama tushen maganin sankarar mama na 2010. Mai binciken da ya kuskure sunan soso ba zai iya komawa ya samo irinsa ba. A ganina, wannan ya isa dalilin da zai sa mu ƙarfafa wa ƙannenmu da ke makaranta gwiwa su riƙi darasin rarraba halittu da muhimmanci, su kuma tuna da maganar Hausawa cewa kama da wane ba ta wane.