Mahaƙar kwal ta Zollverein

Zollverein tsohuwar mahaƙar kwal ce da ke birnin Essen, a jihar North Rhine-Westphalia da ke yammacin Jamus. An daina haƙar kwal a cikinta a shekarar 1986, daga baya aka mayar da gine-ginenta gidajen tarihi da zaurukan taro. Hukumar UNESCO ta sanya ta cikin jerin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2001. Tana cikin wuraren da masu shirya tarukan ƙara wa juna sani kan makamashi da muhalli a yankin Ruhr ke kai mahalarta ziyarar gani da ido.

Suna

Kalmar Zollverein a Jamusanci tana nufin ƙungiyar kwastan: Zoll shi ne harajin shigo da kaya, Verein kuma ƙungiya. An aro sunan ne daga haɗakar kwastan da ƙasashen Jamusawa suka kafa a shekarar 1834, tun kafin su dunƙule su zama ƙasa ɗaya. Harafin Z na farkon sunan ana furta shi kusa da "ts", V kuwa kamar "f".

Tarihi

Attajirin nan Franz Haniel ne ya kafa mahaƙar a shekarar 1847, aka fara fitar da kwal a 1851. Abin da yake nema shi ne irin kwal ɗin da ake gasawa ya zama makamashin narkar da ƙarfe. Aikin ya jawo ma'aikata daga nesa, da farko daga yankunan Polan, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma daga ƙasashe irin su Turkiyya. A lokacin yaƙin an yi amfani da mutanen da aka tilasta wa aiki, kamar yadda aka yi a sauran mahaƙun yankin.

Sashen da ya fi shahara shi ne Rami na 12, wanda aka fara aiki da shi a 1932. Masu zanen gini Fritz Schupp da Martin Kremmer ne suka tsara shi da jan bulo da ginshiƙan ƙarfe, babu ado ko kaɗan. A lokacin ana iya fitar da tan 12,000 na kwal ta wannan rami a rana guda. Hasumiyar ƙarfen da ke kansa, mai tsawon mita 55, ta zama tambarin yankin Ruhr baki ɗaya. An rufe mahaƙar ranar 23 ga Disamba, 1986. Masana'antar gasa kwal da ke gefenta, wadda ta fara aiki a 1961, ta ci gaba har zuwa 1993.

Abin da ake gani

Gidan Tarihin Ruhr yana cikin ginin da a da ake wanke kwal, wato inda ake raba shi da duwatsu. An buɗe shi a 2010, shekarar da Essen ta wakilci yankin a matsayin babban birnin al'adun Turai. Ofishin Rem Koolhaas na cikin waɗanda suka sake fasalin ginin, kuma ana shiga ne ta wata doguwar matakala mai tafiya da kanta, mai launin ruwan goro. Baje kolin ya taso tun daga dazuzzukan da suka rikiɗe suka zama kwal shekaru kusan miliyan 300 da suka wuce har zuwa rayuwar iyalan mahaƙa. A tsohon ɗakin tukwanen tururi kuma akwai gidan baje kolin zane-zanen kayayyaki na Red Dot, wanda Norman Foster ya gyara.

Ga ɗalibin makamashi, masana'antar gasa kwal ta fi gidajen tarihin amfani. Tanderu 304 ne jere, inda a da ake gasa kwal da zafin da ya haura digiri 1,000 ba tare da iska ta shiga ba. A lokacin, iskar gas da kwalta da sauran sinadaran da ke fita ana tara su a wani ɓangare a sayar. Mai ziyara yana iya bin hanyar da kwal ke bi tun daga bakin rami har tanderu, amma ba a shiga ƙarƙashin ƙasa. Wanda ke son ganin yadda cikin rami yake sai ya je Gidan Tarihin Haƙar Ma'adinai na Jamus da ke Bochum, wanda aka kafa a 1930, inda aka gina ramin gwaji kimanin mita 20 a ƙarƙashin ginin. Shi ya sa akan haɗa wuraren biyu a rana ɗaya. Wasu kan ƙara da rumbun gas na Oberhausen, mai tsawon mita 117, wanda shi ma ya koma zauren baje koli.

Matsalar ruwa

Kyan ginin kan sa baƙo ya ɗauka labarin kwal ya ƙare, alhali ɗawainiyarsa tana nan. Haƙar da aka yi ta sama da shekara 150 ta sa ƙasa ta lotsa a yankin, a wasu wuraren fiye da mita 20. Unguwanni da dama sun koma ƙasa da koguna, don haka dole injina su riƙa janye ruwa dare da rana, in ba haka ba su zama tafki. Ruwan da ke taruwa cikin tsofaffin ramuka kuma yana da gishiri da ƙazanta, sai an hana shi hawowa ya gauraya da ruwan sha. Jamusawa suna kiran waɗannan ayyuka Ewigkeitsaufgaben, ma'ana ayyukan har abada.

Mahaƙar baƙin kwal ta ƙarshe a Jamus, Prosper-Haniel da ke Bottrop, an rufe ta a Disambar 2018. Daga 2019 gidauniyar RAG-Stiftung, wadda aka kafa a 2007, ita ke biyan kuɗin janye ruwan daga ribar hannayen jarinta, kuma ba a sa wa aikin ranar ƙarewa ba.