Igiyar Ƙofa

Duk wanda ya taɓa shiga tsohuwar Fijo 504 daga Sabon Birni zuwa Isa ya san wannan abin. Ka iso inda za ka sauka, ka lalubi hannun ƙofa, sai ka ji wayam, rami kawai. Direba bai ko waiwayo ba, sai ya ce, "Baba, ja igiyag ga!" Ka ja wata guntuwar waya da ta leƙo daga cikin ƙarfe, ƙofa ta yi ƙas ta buɗe.

Mu dai dabarar talauci muka ɗauke ta. Ashe wasu tsoffin motocin ƙawa na Turai da haka suka baro masana'anta.

Aikin ba wuya gare shi. Akwai ƙugiya a bakin ƙofa da ke riƙe da jikin mota, akwai siririn ƙarfe ko waya da ke janye ta. Hannun da muke gani ado ne da sauƙi. Idan ya karye, bakanike ya ɗaura waya a inda ya dace, shi ke nan.

Kamfanin MG na Ingila ya fitar da MGA a 1955, mota mai kujera biyu, marar rufi, kuma babu hannu ko ɗaya a wajen ƙofarta. Mai ita yakan zura hannu ta sama, ya kamo wayar da ke miƙe a cikin ramin ƙofar ya ja. Gilashin da ake murɗawa ma babu, sai labulen roba da ake kafawa in hadari ya taso. Triumph TR2 ta 1953 ita ma igiya gare ta, sai a TR3A aka sa hannu a waje. Dalili biyu ne: rage nauyi da rage kuɗi. Ramin ƙofar kuma ya ba gwiwar hannun direba wurin sakewa, don motocin matsattsu ne ƙwarai. Makulli kuwa, wa zai kulle motar da ba ta da rufi?

Da MGB ta zo a 1962 da hannu da gilashin murɗawa, igiya ta fara zama tsohon yayi. Fijo 404 da 504 da aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975 da hannayensu lafiyayyu suka zo. Rana, ƙura da lodin kasuwa ne suka mayar da su zamanin MGA.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda igiyar ta koma ta masu hali. Ferrari F40 ta 1987, mota ta ƙarshe da Enzo Ferrari ya sa wa albarka kafin mutuwarsa a 1988, da 'yar waya ake buɗe ta daga ciki. Porsche kuma ta daɗe tana sa madaurin ƙyalle a wasu motocinta masu lambar RS, wai don a rage nauyi, masu saye na alfahari da shi.

Yanzu wasu sun koma lantarki. Corvette ta 2005 maɓalli ake dannawa, amma sai da aka ajiye wani hannu a ƙasa kusa da kujera, saboda ranar da batir zai mutu. Shi ma waya yake ja.