Sunan da wani fada ya raɗa wa harsunan mutum miliyan ɗari

Wanda ya ji an ce “Ostro-Asiya” zai iya zaton ana maganar ƙasar Ostiriya ne. Kalmar daga Latin ta fito, inda “auster” ke nufin kudu, wato harsunan kudancin Asiya. Ostireliya ma daga nan ta samo sunanta, amma Ostiriya daga kalmar Jamusanci mai nufin gabas. Haka kuma kada a haɗa shi da Afro-Asiya, dangin da Hausa da Larabci suke ciki. Kamar suna ce kawai.

Wanda ya raɗa sunan wani fada ne na Katolika, Bajamushe, Wilhelm Schmidt, a littafinsa na 1906. Ba shi ya fara lura da kamar ba. Tun 1854 wani ɗan mishan a Burma, Francis Mason, ya ga harshen Mon yana da kalmomi irin na ƙabilun Munda na Indiya. Schmidt ne ya zauna ya jera kalmomin, ya nuna kaka ɗaya suka haɗa. Ku dubi ƙirga ɗaya zuwa huɗu. Mutumin Biyetnam zai ce một, hai, ba, bốn. Bakambode zai ce muoy, pi, bei, buon. Ɗan ƙabilar Santal a gabashin Indiya, mai nisan dubban kilomita daga su biyun, zai ce mit', bar, pe, pon.

Masu magana da harsunan sun haura miliyan 100, kuma fiye da rabinsu 'yan Biyetnam ne. Biyu ne kaɗai suka zama harshen ƙasa: na Biyetnam da Khmer na Kambodiya. Sauran a warwatse suke kamar tsibirai, Khasi a jihar Meghalaya, Wa a kan iyakar Burma da Sin, harsunan mutanen daji a Malesiya, har tsibiran Nikoba. Masana da yawa suna ganin manoman shinkafa ne suka yaɗa su kimanin shekara 4,000 da suka wuce, daga baya masu harsunan Thai da Burma suka shigo suka raba tsakaninsu.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne kan harshen Biyetnam. Ƙasar ta yi kusan shekara dubu a ƙarƙashin Sin, ta kwashi kalmomin Sinanci masu yawan gaske. Ga shi kuma harshen yana da karin sauti. Bahaushe ya san wannan, domin da karin murya muke bambanta kukan yaro da kukar miya. To su nasu shida ne a Hanoi: gaɓar “ma” kaɗai tana iya zama fatalwa, ko kunci, ko kabari, ko doki, ko dashen shinkafa, ko kalmar “amma”. Khmer kuwa ba shi da wannan. Saboda haka a 1912 Bafaranshe Henri Maspero ya ce ba yadda za a yi su zama 'yan uwa, ya kai harshen Biyetnam cikin dangin Thai. Aka zauna a haka wajen shekara arba'in.

A 1954 wani Bafaranshen, André Haudricourt, ya warware ƙullin. Ya nuna cewa tsohon harshen Biyetnam ba shi da karin sauti. Baƙaƙe ne a ƙarshen kalmomi suka zube da tafiyar zamani, suka bar alamarsu a hawa da saukar murya, sannan sauyin baƙaƙen farkon kalma ya raba kowane kari gida biyu, uku suka koma shida. A ganina wannan aiki ya fi na Schmidt kansa nauyi, domin ya nuna harshe yana iya sake kama gaba ɗaya ba tare da ya bar danginsa ba.

Sunan ma bai tsira daga gardama ba. An daɗe ana raba dangin biyu, Munda a Indiya, sauran duka kuma a kira su Mon-Khmer. Tun wajen 2009 Paul Sidwell ya ce wannan rabo ba shi da ƙwaƙƙwarar hujja, Munda reshe ne kamar sauran rassan. Shi ya sa za ku ga wani littafi ya ce Mon-Khmer yana nufin dangin duka, wani kuma yana nufin ban da Munda. Sai mai karatu ya duba shekarar da aka buga littafin.

Abin tausayi shi ne Mon, wanda ake kiran dangin da sunansa. Da shi aka yi sarauta a ƙasar da ta zama Thailand da kudancin Burma, yana cikin harsuna huɗu da aka rubuta a dutsen Myazedi na Bagan wajen 1113, kuma rubutun Burma da nasa tushe ɗaya ne. Yau 'ya'yan Mon da yawa Burmanci ko Thai suke tashi da shi. Santali kuwa gaba ya ci: Raghunath Murmu ya ƙirƙiro masa haruffan Ol Chiki a 1925, Indiya ta sa shi cikin jerin harsunan tsarin mulkinta a 2003, kuma a 2022 'yar ƙabilar, Droupadi Murmu, ta zama shugabar ƙasar.